Tambaya: tsayawa a ruwan Assop kan hanyar Jos, ga yara ga tsohuwa a mota

Abban Khalil, Kubwa

Assalamu alaikum jama'ar gidan nan, musamman 'yan Jos da masu bin hanyar nan kullum, shawara nake nema dan Allah. Muna da biki a Jos cikin watan Oktoba in Allah ya kai mu, ƙanwar maiɗakina ce za a aurar, to mun yanke za mu taho a motar gida, ni da ita da yara da Hajiyarmu. Ni duk zuwan da nake yi Jos motar haya nake shiga, kuma kun san direban haya in ba shan mai ko sallah ba ba ya tsayawa, to duk sanda muka zo wajen Hawan Kibo ina ganin wurin nan da ake ce wa Assop, ga motoci an ajiye mutane na sauka, ni dai sai leƙe ta gilashi har mu wuce. Yaran kuma tun da malaminsu ya nuna musu hoton wurin a makaranta suka hana ni sakat, kuma gaskiya ni ma ina so, yaran da aka haifa a Abuja ba su taɓa ganin ruwa yana zubowa daga kan dutse ba sai a waya.

Abin da nake son sani, daga bakin titi zuwa wajen ruwan akwai nisa ne, tsohuwa mai ciwon gwiwa za ta iya? Oktoba akwai ruwa sosai ko ya ja baya? Gara mu tsaya a tafiya ko a dawowa? Sannan babban abin da ke raina shi ne hawan kansa, ban taɓa tuƙi a wurin ba kuma labaran da ake bayarwa na tireloli ba daɗin ji, motar tawa otomatik ce, ba sabuwa ba amma lafiyarta lau. Duk wanda ya san wurin ya taimaka mana, Allah ya saka da alheri.

Tsohon Direba, tashar Bauchi Road

Wa alaikumus salam. Ɗana ka yi daidai da ka tambaya kafin ka kama hanya, ni zancen ruwa zan bar wa masu zuwa shan iska, zancen titi zan yi maka tunda shi na sani.

Ka fito daga Kubwa da an idar da sallar asuba, kar ka ce sai yara sun karya, a saka musu shayi a filas su sha a mota. Cunkoson Nyanya da Mararaba da safe na masu shigowa Abuja ne, kai fita za ka yi, in ka yi sammako za ka wuce salin alin. Keffi zuwa Akwanga titi biyu ne yanzu ba matsala. A Akwanga ka cika tanki, ka zagaya motar ka duba tayoyi, kowa ya kama ruwa, domin daga nan titin ya koma ɗaya, ka bi ta Gwantu har ka zo Forest inda hanyar Kafanchan ta rabu, za ka gane wurin da dogayen itatuwan dajin Nimbia da masu ayaba a bakin titi. Daga nan ba nisa za ka ga dutse ya tare maka gaba, to Assop yana nan gindin hawan. Shi ya sa nake ce maka ka tsaya a TAFIYA, ka taho daga Abuja awa uku da wani abu kana tuƙi, kai ka gaji inji ya yi zafi, ka tsaya nan kowa ya miƙe ƙafa mota ta huce, sannan ka kama hawan da idonka a buɗe. In a dawowa ne kuwa hankalinka na kan kar dare ya yi maka, ba za ka ji daɗin tsayuwar ba.

In za ka tsaya kar ka yi fakin a kan kwalta ko dab da kwana, ka sa sigina tun da nisa ka shiga ciki sosai inda ake ajiye motoci, saboda mai gangarowa da kaya in ya taho ba ya iya tsayawa nan take ko da ya gan ka. Yara kuma kar su buɗe ƙofa ta gefen titi.

Hawan kansa, ka kashe esi ka sauke gilashi, iskar wurin ma ta fi esin daɗi, idonka na kan allurar zafi. In ka ga ta haura ka nemi fili ka tsaya, kuma kar ka kuskura ka buɗe murfin lagireto da zafinsa, na ga wanda ruwan ya ƙona wa fuska da ƙirji a wurin nan. Za ka tarar da tirela ko tanka tana ja da kyar a gabanka, ka yi haƙuri ka ba ta tazara, kar ka manne mata a baya domin in ta kasa baya take yi, kuma kar ka yi obatekin a kwanar da ba ka ganin gabanta ko da na bayanka zai cika ka da hon. Sannu ba ta hana zuwa.

Amma ni saukowa ta fi ba ni tsoro a kan hawa, ranar dawowarku nake nufi. Mutane da yawa sai su ɗora ƙafa a kan birki tun daga sama har ƙasa, birki kuwa gogayya ce, in ya daɗe yana cin ƙarfe sai ya yi zafi, man birkin ma ya tafasa, ka taka ka ji fedal ya tafi ƙasa ba komai. Yawancin haɗarin da kake ji a Hawan Kibo ke nan, birki ya shanye wa mai kaya. Tun kafin ka fara gangara ka cire ta daga D ka mayar 2 ko L, inji ya riƙe motar, birki kuma ka dinga taɓawa kana saki. Za ka ji injin yana ƙara, ba komai aikinsa yake yi. Kar ka sa ta firi don tsimin mai. Ka riƙa kallon madubi, in ka ga babbar mota ta taho da gudu tana fitila tana hon, ba faɗa take nema ba, ka kauce mata iya yadda za ka iya. Kafin tafiyar ka kai wa bakanike ya duba maka takalman birki da mansa. Akwai shingayen sojoji da 'yan sanda a hanyar, ka rage gudu ka gaisa, takardunka su zama a kusa. Kuma komai za ka yi ka shiga Jos da rana tsaka, wannan yankin ba a bin sa da dare. Allah ya kawo ku lafiya.

Maman Ilham, Rikkos

Baba ya gama magana a kan titi, Allah ya ƙara girma. Yaya Abban Khalil ni kuma bari in gaya maka na cikin wurin tunda mu kam muna kai yara in an yi hutu, kusan kilomita 60 da 'yan kai ne daga Jos, safiya ɗaya mun je mun dawo.

Wlh ku tsaya, kar ku fasa. Daga inda ake ajiye mota ba wata doguwar tafiya ba ce, tun kana rufe ƙofar mota za ka fara jin rugugin ruwan, amma hanyar ba shimfiɗaɗɗiya ba ce, wani wurin matakala wani wurin kan dutse za ka bi, to a nan ne nake ganin Hajiya kam kar a matsa mata. Ku taho da tabarma ko 'yar kujerar roba a but, a shimfiɗa mata a inuwa daga sama wajen itatuwa, wani ya zauna da ita ku yi karɓa-karɓa. Surukata haka muka yi mata, ta zauna da carbinta tana ta tasbihi tana cewa ikon Allah, kuma da muka dawo ita ta fi kowa ba da labari a gida, ko ƙarar ruwan da sanyin da ke tasowa ya ishi mutum.

In ka isa gaban ruwan kuwa sai ka ga yadda ya taho daga saman dutse ya rabu yana dukan baƙaƙen duwatsu yana fari fat, feshinsa na sauka a fuska tun ba ka matsa ba, sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka. Ƙasa kuma ya taru ya yi tafki sannan ya ci gaba da gudu ta tsakanin duwatsu. Abin da ya fi burge ni shi ne kurmin da ya bi gefen ruwan, itatuwa manya sun rufe sama, ga tsuntsaye ga malam buɗe littafi, alhali in ka ɗaga kai can saman tudu ciyawa ce kawai da duwatsu. Ƙaramar 'yata ranar farko tsayawa ta yi cak ta riƙe mini zani, ta daɗe ba ta ce komai ba, can sai ta ce Mama waye ya bar famfon a buɗe.

To amma ga inda zan ja kunnenku, duwatsun da ruwa ke taɓawa suna da gansakuka, wani kore-kore baƙi-baƙi haka, in ka gan shi a ido sai ka ce busasshe ne amma santsinsa ba a magana. Kar wanda ya sa silifas ko takalmi mai tsini, kambas za ku sa wa yara, maiɗakinka ma ta ajiye takalman biki a jaka, doguwar abaya ko hijabi mai jan ƙasa a tattare shi. Na ga wata budurwa tana ja da baya don a ɗauke ta hoto, ƙafarta ta zame ta faɗi a kan gwiwar hannu, waya ta tafi ruwa, Allah ya taƙaita abin bai wuce targaɗe ba, amma da taki ɗaya ta ƙara da labari ya sha bamban. Kowane yaro a ba shi babban da zai riƙe hannunsa, kar a ce ai muna kallonsu, hoto ke ɗauke hankalin manya.

Batun shiga ruwa kuma, ni nawa yaran iyakarsu gefe inda ruwan bai wuce idon sawu ba, za ku ga samarin wurin suna iyo suna tsalle, su a nan suka tashi sun san inda rami yake. Akwai wani abu da baƙo bai sani ba, ruwan nan daga saman tudu yake tahowa, ana iya tafka ruwan sama can wajen Riyom ku kuna ƙasa rana na haskawa, sai kawai ku ga ruwan ya ƙaru ya canza kala yana ɗauko ganye da karare. Da kun ga haka ko kun ga hadari ya haɗu ta sama ku kwashe yara ku hau tudu, ba sai an jira yayyafi ba.

Ana biyan kuɗin shiga, ku riƙe tsabar kuɗi da 'yan canji kar ku dogara da tiransfa, netwok ɗin wurin yana zuwa yana tafiya. Abinci ku taho da naku a kula, da ruwan sha da buta, da kayan canji na yara don dole su jiƙe, da rigar sanyi kuma, kun baro zafin Akwanga amma Jos tana sama da mita 1,200 daga teku, yaro jiƙaƙƙe in iskar sama ta buge shi sai mura. Dan Allah kuma ku zo da leda ku kwashe sharar ku, abin yana ɓata mini rai in ga robar lemo da ledar fiya wota sun maƙale a tsakanin duwatsu a wuri mai kyau irin wannan, mutanen ƙauyukan da ke ƙasa da ruwan nan suke amfani.

Sadiq Bukuru

Anti Maman Ilham duk abin da kika faɗa haka ne, wuri ɗaya zan ɗan ƙara, shi ne lokaci. Babban yaya Oktoban nan da ka ce ka dace sosai. Damina a Filato tana farawa wajen Afrilu ta kai Oktoba, Yuli da Agusta ne ruwan ya fi ƙarfi, a lokacin Assop cika yake yi ya yi ja kamar kunun kanwa saboda lakar da yake kwasowa daga gonaki, kallo ne mai ban tsoro da ban sha'awa amma ba na masu yara ba, ga hazo yana rufe hawan da safe ka kunna fitila ma da kyar kake ganin motar gabanka. Oktoba kuwa ruwa na nan da yawansa amma ya fara washewa, duwatsu duk sun yi kore shar, in ka kai rabin hawan fasinja ya waiga zai ga ƙasar da kuka baro a shimfiɗe har iya ganinsa, direba dai idonsa na kan titi. In aka shiga Janairu zuwa Maris ruwan ya ja baya sosai, wanda ya zo lokacin sai ya ce dama abin ke nan.

Amma gaskiya kar a cika wa yara buri da yawa, Assop ba shi ne mafi tsawo ba, daɗinsa shi ne yana bakin hanya, minti arba'in ko awa ɗaya kun gama kun wuce. In tsawo ake nema Farin Ruwa ne a ƙaramar hukumar Wamba ta Nasarawa, shi kusan mita 150 ne, daga Akwanga ake ratsewa, sai dai hanyar tana da wuya kuma akwai tafiyar ƙafa mai yawa, ba a haɗa shi da tafiyar biki balle da tsohuwa. Akwai Matsirga kusa da Kafanchan, akwai Kurra a Barkin Ladi inda kamfanin NESCO da aka kafa a 1929 ya ja wutar lantarki saboda haƙar kuza. Ku na Abuja kuma Gurara na kusa da ku ta hanyar Suleja zuwa Minna, shi faɗi gare shi, wata Asabar sai ku kai su. Dalilin yawan irin wuraren nan a nan yankin shi ne tudun Jos ya ɗaga sama sosai kuma gefensa na kudu da yamma a tsaye yake, ruwan saman da ya zuba dole ya nemi hanyar sauka, kogin Kaduna ma daga tudun nan ya faro, haka Gongola.

In kun gama hawa kar ku yi barci, wajen Riyom ku duba gefen titi akwai duwatsun nan da suka hau kan juna ba abin da ya riƙe su, yara za su so shi, daga nan zuwa cikin Jos ba wani nisa sosai. Masu dankalin turawa da kabeji da karas da tumatir suna nan bakin hanya, amma sayayya ku bar ta sai dawowa, kar ku ƙara wa mota nauyi kuma kayan su kwana a but har a gama biki.

Abban Khalil, Kubwa

Kai masha Allah, na gode ƙwarai da gaske, Baba Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, zancen giyar nan na rubuta shi a takarda zan manna a gaban mota, Asabar ɗin nan zan kai ta gareji. Maman Ilham maiɗakina ta karanta naki ta ce a gode miki, har ta fara neman kambas ɗin yara. Sadiq na gode ƙanena, Gurara ma in sha Allah za mu saka a lissafi. Saura abu biyu, Hajiya tana da hawan jini kuma mota na juya mata kai in kwana ta yi yawa, akwai abin da za mu yi mata? Sannan ranar Juma'a muke son tahowa don ɗaurin auren Asabar ne, in mun tsaya a Assop za mu samu Juma'a a Jos kuwa?

Tsohon Direba, tashar Bauchi Road

Ɗana in da hali ka mayar da tafiyar Alhamis. Ranar Juma'a in ka ce sai ka tsaya kallon ruwa kuma sai ka riski huɗuba a Jos, ƙafarka za ta yi nauyi a kan totur ba ka sani ba, kuma a kan hawan nan ne za ka yi saurin. Daga Assop zuwa cikin gari ka ƙiyasta awa ɗaya da rabi, ba don nisa ba, don tirela ɗaya in ta shiga gabanka ta ishe ka, ga shingaye, ga cunkoson Bukuru, ga titunan wajen babban masallaci da ake rufewa in lokacin sallah ya yi. In kuma dole sai Juma'ar, ka bar gida ƙarfe shida ba ta yi ba, ka ba ruwan minti arba'in, sha ɗaya ta same ka a kan hawa. In ka ga lokaci ya ƙure kar ka kori mota, kai matafiyi ne, ka yi azahar ɗinka ƙasaru inda ta same ka.

Hajiya kuma ka sa ta a gaba kusa da kai, maiɗakinka ta koma baya wajen yara, mai jiri in yana ganin titi a gabansa abin yana sauƙi. Kar ta cika ciki da maiƙo kafin hawan, a ɗan sauke mata gilashi, a ba ta citta ko lemun tsami ta riƙa shinshina, leda na kusa ko da amai. Maganin hawan jininta ta sha a kan lokacinsa kuma ya zauna a jakar hannunta, kar a cusa shi cikin akwati a ƙarƙashin kayan biki, in kuma tana zuwa asibiti kafin tafiyar ku gaya wa likitanta za ta yi doguwar hanya. Kunnuwa za su toshe muku kuna hawa, yara za su yi ƙorafi, ku ba su cingam ko alewa su tsotsa, haɗiyar yawu ke buɗe shi. In ka shigo gari kana neman bakanike kafin komawa ka yi magana a nan, ka sa a sake duba birkin da iskar taya tun ranar Lahadi kafin ku loda dankali.